Idan an ce gida ya zama na tarihi, na wane ne? Sharhi kan tsofaffin gidajen ƙasa na Maraɗi

Ranar 3 ga Satumba 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan ruwan sama mai yawa. Kafin ƙura ta lafa, hoton faɗuwarsa ya zagaye wayoyin mutane. A wannan damanar ce kuma jihar Maraɗi ta yi asarar rayuka da gidaje masu ɗimbin yawa, akasarinsu na ƙasa. Tun daga nan, duk sanda hadari ya haɗu daga gabas, maganar tsofaffin gine-gine takan dawo majalisar shayi. Wani ya ce gwamnati ta sa su cikin kayan tarihi ta kare su. Wani ya ce a rushe a zuba bulo tun kafin katanga ta faɗa wa yara.

Ruɗanin yana cikin kalmar "karewa". Mai tsohon gida in ya ji ta, gabansa faɗuwa yake yi, ya ɗauka ƙwace masa za a yi. Maƙwabcinsa kuwa ya ɗauka kuɗi za a zubo masa. Dukansu biyu sun yi nesa da abin da doka ta ce.

Mece ce kariyar doka a kan gida?

Nijar tana da doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997, wadda ta shafi kare kayan gadon al'adu na ƙasa da adana su da raya su. Gado a nan ba shi ne kuɗi da tufafin da mamaci ya bari ba. Ana nufin abin da al'umma ta gada baki ɗaya: gini, kufai, kushewa, rubutun hannu, kayan sarauta. Tsarin ya bi sawun na Faransa, wadda dokarta ta gine-ginen tarihi ta fito tun 31 ga Disamba 1913.

A irin wannan tsari akwai mataki biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko ƙidaya ce: a zo a auna gida, a ɗauki hotonsa, a rubuta shi cikin kundi. Na biyu shi ne wanda ake kira classement da Faransanci, wato hukuma ta yanke cewa wannan gini ya shiga sahun abin da ƙasa ba za ta yarda ya salwanta ba. Daga ranar ba a rushe shi, ba a sauya masa kama, ba a yi masa babban gyara sai da izinin ma'aikatar da ke kula da al'adu. Amma takardar gida tana nan da sunan mai ita. Zai kwana a ciki, zai ba da haya, magada za su gada. Abin da ya sauya shi ne sharaɗin da aka ɗaura wa gidan, kuma sharaɗin nan bin gidan yake yi duk hannun da ya shiga. A Faransa har maƙwabta yake taɓawa: tun 1943, wanda ginin sa ke cikin mita 500 daga ginin tarihi kuma ana hangen su tare, ba ya sauya fuskar gidansa sai masanin gine-gine na gwamnati ya duba.

Maganar UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, daban take. Nijar ta shiga yarjejeniyar kayan gadon duniya ta 1972 a 1974. Tsohon birnin Agadas ya shiga kundin a 2013. Unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram, da fadar Zarmakoy ta Dosso, suna jerin jira tun 2006. Daga jihar Maraɗi, cikin abin da ke wannan jerin akwai dajin Madarunfa da tabkinta da kaburburan waliyyai 99, ba wani gidan cikin birni ba. UNESCO ba ta mallakar gidan kowa, ba ta kuma biyan magini ladan yaɓe duk shekara. Nauyin yana kan ƙasar da ta kai sunan, a aikace kuma yakan gangaro kan wanda ke kwana a ɗakin.

Tsufan Maraɗi ba irin na Kano ba ne

Duk wanda zai yi maganar gidan tarihi a Maraɗi sai ya fara da ambaliyar 1945. Sarautar garin tsohuwa ce: bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarauta a Maraɗi wajajen 1819, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinar Maraɗi. Amma wancan garin a kwari yake, bakin Gulbi. Da ruwa ya cinye shi a 1945, Turawan Faransa suka hau da mutane tudu, suka ja tituna miƙaƙƙu, suka yanka filaye kusurwa huɗu. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo, Ƴan Daka, Maradawa, Limanci da Ɗan Gulbi sun hau da sunayensu, amma bangayensu sababbi ne.

Ke nan gidan da ake kira tsoho a Maraɗi, shekarunsa ba su wuce tamanin da ƴan kai ba. Idan shekaru ne kaɗai ma'auni, Kano da Agadas da Damagaram sun yi masa fintinkau. Abin da ya tsufa a nan hannun magina ne da tsarin zama. An ɗauki gidan Bahaushe, wanda a Birnin Damagaram yake lanƙwasa yana bin lungu, an zaunar da shi cikin filin da Bature ya auna da igiya. Wannan haɗuwa ita kanta tarihi ce, kuma ba ko'ina ake samun ta da yawa haka ba.

Bayan waɗannan akwai wasu iri biyu da ba a cika kallonsu a matsayin tarihi ba. Akwai kantuna da mangazu na zamanin gyaɗa, masu rufin kwano da baranda, daga lokacin da kamfanonin Turawa ke auna gyaɗa a garin har zuwa kafa SONARA, kamfanin Nijar mai cinikin gyaɗa, a 1962. Akwai kuma gidajen alhazai na shekarun 1960 da 1970, ƙasa a ciki siminti a waje, wasu da bene. Farin 1973 da 1974 ya karya kasuwar gyaɗa, arziki ya koma fataucin kaya zuwa Najeriya, daga nan bulo ya zama alamar wanda Allah ya buɗa wa.

Abin da bango yake faɗa

Gidan ƙasa na gargajiya ba a gina shi don kallo ba. Kowane ɓangare amsa ce ga wata buƙata. Ana kwaɓa jar ƙasa da busasshiyar ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana ta ruɓa, sannan a mulmula tubali da hannu a shanya. Bango yakan yi kauri a gindi yana sirancewa yayin da yake hawa. Kaurin nan ne ke riƙe zafin rana bai shiga ɗaki ba sai dare ya yi, lokacin da mutane sun riga sun fito tsakar gida da tabarmi. Wanda ya taɓa kwanan bazara ƙarƙashin kwano, ya kuma taɓa yi a soron ƙasa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Rufi na azara ne, wato tsagin giginya, don gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya kai fiye da mita biyu. Wannan ne ya sa ɗakunan mata ƙanana ne. In ana son fili mai faɗi, kamar zauren attajiri ko na mai sarauta, sai gwanin magini ya tayar da bakan gizo: ya riƙa jera azara daga bango biyu yana ɗaurewa yana rufewa da ƙasa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗu a sama. Inda bakuna suka gicciya aka rufe da tulluwa, shi ne ɗaurin guga. Wannan fasaha ce ta kai ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ta kuma sake bayyana a masallacin Yama na jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya gina ya kuma samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

A waje akwai rawanin gini da zankwaye a kusurwa, akwai indararo mai tura ruwa nesa da gindin bango. Yaɓen ma ba laka zalla ba ce. Ana jiƙa makuba daga kwasfar ɗorawa a zuba, don ruwa ya zame. Wanda ya fi ƙarfi shi ne laso, haɗin katsi, wato tukuɗin baba daga karofi, da gashin jima daga majema, da ruwan tsiron dafara mai yauƙi. A lura da wannan da kyau: rufin gida yana rataye ne a kan sana'ar marina da ta majema. Ranar da karofi ya mutu, laso ma ya bi shi.

Tsarin ciki kuwa kunya da sutura ne aka mayar gini. Baƙo ya tsaya a zaure. Ƙofar shiga da ta fita ba sa kallon juna, saboda kada wanda ke titi ya hangi tsakar gida. Bayan zaure akwai ƙofar gida, inda samari da baƙin kwana suke, a da har da turken doki. Sai shigifa, wadda ba ya wuce ta sai muharrami. Sai cikin gida: turakar mai gida, ɗakunan mata, madafi, rumbu, rijiya. A fuskar zaure ne mai hali ke nuna halinsa da zane, dagi da sauran ado, wasu a tone, wasu a tashe, daga baya aka shigo da fenti.

Daga zauren baƙi zuwa shagon caji

A ɗauki misali, ba na wani gida takamaimai ba, don labarin ya yi kama a unguwanni da dama. Wani ɗan kasuwar gyaɗa ya gina gida bayan hawa tudu. A zaurensa ake cin tuwon dare, a nan ake sasanta rigima, a nan ake ɗaurin aure. Da ya tsufa sai zauren ya zama makarantar allo. Baƙin hayaƙin wutar karatu yana nan a jikin tulluwa har yau. Ya rasu ya bar mata uku da ƴaƴa fiye da goma. Aka ja katanga a tsakar gida. Ƙofar gida, inda doki yake, aka yi ɗakunan haya biyu. Da titi ya samu kwalta, babban ɗa ya fasa bangon zaure ta gefen hanya, ya sa ƙofar ƙarfe, ya ba tela haya. Tela ya tashi, mai cajin waya da sayar da kati ya shigo, ya huda bango ya ja waya, ya kafa allon talla a daidai kan dagin.

Kowane mataki a cikin waɗannan yana da hujja. Iyali sun ƙaru, kuɗin haya na ciyar da marayu. Birnin da ƙidayar 2012 ta ba shi mutum kusan 267,000 ba zai zauna da tsarin zaman 1950 ba. Amma ta fuskar gini, matakan ba daidai suke ba. Mayar da zaure makaranta bai taɓa komai ba. Fasa bangon da ke ɗauke da ƙafar bakan gizo kuwa kamar cire wa tukunya dutsen murhu ɗaya ne.

Mafi yawan ɓarna ma daga kyakkyawar niyya take zuwa. Ɗa ya samu kuɗi, ya ce, "Baba, yaɓen nan na kowace shekara ya isa, bari in shafe maka da siminti ka huta." Siminti ba ya kama ƙasa, ba ya kuma barin ta ta yi numfashi. Ya tsage kaɗan, ruwa ya shiga ta baya, ba hanyar fita. Daga waje bango sumul, ciki kuwa ya zama kunu. Wata rana sai faifan simintin ya ɓallo gaba ɗaya, a ga rami ya kai rabin bango. Haka nan idan aka ɗaga titi ya fi daɓen zaure tsawo, ruwan da indararo ya jefar waje shi ne zai dawo ya kwanta a gindin gini.

Kayan aikin ma sun yi wuya. Giginya tana cikin itatuwan da ba a sara sai da izinin ma'aikatan gandun daji, kuma babban dajinta a Nijar yana can wajen Gaya. Yaran magina sun koma bulo, inda aiki yake kullum.

Gado, inda gizo ke saƙa

Dokar kayan tarihi tana kallon gida a matsayin abu guda. Rabon gado yana kallon sa a matsayin kaso-kaso, kowa da haƙƙinsa da Allah ya yanka masa. Magajin da ke buƙatar kuɗi yana da ikon neman a raba ko a sayar. Fiƙihun Malikiyya ya buɗe ƙofofi biyu da za su iya riƙe gida bai tarwatse ba. Akwai shuf'a, wadda ta ba abokin tarayya damar sayen kason ɗan'uwansa kafin bare. Akwai hubusi, wato waƙafi, inda mai gida tun yana raye zai tsayar da shi, ba sayarwa ba gado, amfaninsa kawai za a ci. Shuf'a tana son kuɗi a hannu. Hubusi kuma yana hana sayarwa amma ba ya samar da kuɗin yaɓe, sai in an haɗa shi da wani abin da ke kawo riba, kamar shago.

Abin da aka gani a wasu garuruwa

Gidan Makama na Kano ya zama mazaunin mai sarauta, ya zama ofishin Turawa bayan 1903, ya zama makaranta, yau gidan adana kayan tarihi ne. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer, Baturen da ya kafa makarantar boko a Kano, ya zauna, shi ma hukuma ce ke riƙe da shi. A Agadas, gidan da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a 1850 ana nuna shi ga baƙi, gidan da aka gina wa Kawusan, jagoran Abzinawan da suka yi wa Faransa tawaye, kuma ya zama otal. A Dandaji ta jihar Tawa, da mutanen gari suka buƙaci sabon masallaci, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun tsara a mayar da tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu maimakon a rushe shi, aka gama aikin a 2018.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke yin aikin da aka gina shi dominsa. Sai dai kusan duka akwai hukuma ko baƙi masu biya a bayansu. Maraɗi garin kasuwa ce, ba ta taɓa dogara da ƴan yawon buɗe ido ba, don haka gidan kallo mai karɓar kuɗin shiga da wuya ya ciyar da kansa a nan.

Masu cewa a adana da masu cewa a rushe

Masu son adanawa suna cewa abin da aka rushe ba ya dawowa, kuma garin da ya riga ya rasa tsohon mazauninsa a 1945 bai kamata ya rasa na biyu da hannunsa ba. Suna ƙarawa da cewa ginin ƙasa ya fi dacewa da zafin da ke ƙaruwa, ga tsadar siminti da wuta. A cikinsu ma akwai saɓani. Wasu na riƙe da ƙa'idar adana gine-ginen tarihi da masana suka tsara a birnin Banis na Italiya a 1964, wadda ta yarda a yi amfani da tsohon gini amma kada a sauya tsarinsa ko adonsa. Wasu sun fi karkata ga takardar da aka fitar a birnin Nara na Japan a 1994, wadda ta ce asalin abu ana auna shi da al'adar masu shi. A ginin ƙasa wannan bambanci babba ne, don bangon da ake yaɓewa duk shekara fatarsa ba ta kakanni ba ce. Abin da ya zo daga kakanni shi ne yadda ake yaɓen.

Masu cewa a rushe su ma ba jahilai ba ne. Sun ga gawar da aka zaƙulo daga ƙarƙashin katanga. Sun san cewa ruwan da a da yake rarrabuwa cikin watanni yanzu yakan sauko a dare ɗaya. Suna tambaya: masu yabon ginin ƙasa, a wane irin gida suke kwana? Kuma fili a tsakiyar gari dukiya ce. Wanda aka hana shi gina bene ko jerin shaguna an rage masa arziki don amfanin jama'a, to me ya sa shi kaɗai zai biya? Amsar da ɗaya ɓangaren ke bayarwa ita ce yawancin gidajen da ke faɗuwa ba aikin gwanaye ba ne, siraran bangaye ne na bulon laka da aka yi a mazaunin ruwa. Hujjar tana da ƙarfi, amma masallacin Birni aikin gwanaye ne, kuma ya faɗi.

Wa abin zai taɓa, ta yaya?

In har aka sa wani gida a Maraɗi ƙarƙashin kariya, mai shi zai ci gaba da zama mai shi, amma ɗan kasuwar da ke son filin don ya rushe zai janye, farashi kuma ya sauka. Wannan asarar za ta ƙara girma in ƙasa ta ƙara tsada, kamar yadda ake sa rai da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Daga nan wani haɗari ke fitowa wanda aka sani a ƙasashe da dama: da an ji ƙishin-ƙishin ɗin ƙidaya, wani zai yi sauri ya rushe, wani kuma ya toshe indararo ya bar wa damana aikin.

Ɗan haya yana tsaka mai wuya. In an bar gida ya lalace, kansa rufi zai faɗo. In an gyara shi ya yi kyau, haya za ta tashi ko a ce ya fita. Maƙwabta za su iya samun magudanar ruwa da gyaran lungu, za su kuma iya samun sharaɗi kan tsawon benen da suke shirin yi. Tsofaffin magina su ne za su fi kowa cin riba, muddin an ba su aikin kai tsaye, ba a bi ta hannun ɗan kwangilar da zai kawo siminti ba.

Akwai kuma maganar lokaci. Gyaran gidan ƙasa da rani ake yi, bayan an kai amfanin gona gida, a gama kafin ruwan Yuni. Idan yaɓen shekara da sauya azara ɗaya da ta ruɓe suna buƙatar takarda ta je Yamai ta dawo, damana za ta riga izini isowa. Saboda haka abin da mai irin wannan gida zai fara nema a rubuce, tun kafin ya sa hannu a komai, shi ne a bambance masa ƙaramin gyaran da zai yi da kansa da babban da sai an tambaya, a faɗa masa ofishin da ke ba da amsa a cikin jiha, da kwana nawa zai jira ta.